Robert FitzRoy: Kyaftin ɗin da ya fara hasashen yanayi na kullum, aka saka masa da ba'a

A yau mutum kan duba wayarsa da safe ya ga ko za a yi ruwa da yamma, ko kuma ya saurari sanarwar hukumar NiMet kan lokacin faɗuwar damina, ba tare da ya ji wani mamaki ba.

Amma shekara 170 da suka wuce, duk wanda ya ce zai iya faɗin yanayin gobe, da 'yan duba ake haɗa shi.

A shekarar 1854 wani ɗan majalisar dokokin Birtaniya ya miƙe a zauren majalisa ya ce nan gaba za a iya sanin yanayin birnin Landan kwana guda kafin ya zo. Dariya takwarorinsa suka yi masa.

A cikin wannan shekarar ce aka ba wani tsohon kyaftin ɗin sojan ruwa, Robert FitzRoy, wani ɗan ƙaramin ofis da ma'aikata uku. Ofishin ne ya zama Met Office, hukumar kula da yanayi ta Birtaniya, wadda a yau take cikin manyan cibiyoyin binciken yanayi da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu a duniya.

Mutane da dama sun fi sanin FitzRoy da cewa shi ne kyaftin ɗin jirgin da ya ɗauki Charles Darwin ya zagaya duniya. Sai dai aikin da ya fi taɓa rayuwar jama'a shi ne wanda ya yi a shekarunsa goma sha ɗaya na ƙarshe, kuma aikin ya ci dukiyarsa da lafiyarsa.

Ɗan gidan sarauta a teku

An haifi Robert FitzRoy ranar 5 ga Yulin 1805 a gidan Ampton Hall da ke yankin Suffolk a Ingila.

Ta wajen uba, daga zuriyar Sarki Charles na Biyu ya fito. Ta wajen uwa kuwa, kawunsa shi ne Lord Castlereagh, ministan harkokin wajen Birtaniya a ƙarshen yaƙe-yaƙen Napoleon. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana ƙaramin yaro.

Yana da shekara 12 aka kai shi makarantar sojan ruwa ta Portsmouth a 1818. A 1824 ya zauna jarrabawar zama laftanar ya cinye makin baki ɗaya, abin da ba a taɓa yi ba kafin shi.

Shekara biyu kafin wannan nasara, a 1822, kawunsa Castlereagh ya kashe kansa. Abin ya tsaya wa FitzRoy a rai har ƙarshen rayuwarsa, domin yana tsoron kada ciwon damuwa ya zama gado a jininsa.

A 1828 wani ƙaramin jirgin sojan ruwa mai suna Beagle yana aikin auna gaɓar teku da zana taswira a ƙarshen Kudancin Amurka. Wuri ne mai tsananin sanyi da iska da kaɗaici. Kyaftin ɗin jirgin, Pringle Stokes, ya kasa jurewa, ya kashe kansa.

Aka miƙa wa FitzRoy jirgin yana ɗan shekara 23.

Bai daɗe da karɓar aiki ba ya koyi darasin da bai taɓa mantawa ba. A farkon 1829, kusa da bakin kogin Plata, wata guguwa ta taso daga tudu ta kusa kifar da jirgin, matuƙa biyu suka faɗa teku suka mutu.

Barometa, wato na'urar auna nauyin iska da ke cikin jirgin, ta riga ta nuna nauyin yana sauka, alamar hadari na tafe. Matashin kyaftin ɗin bai naɗe filafilan jirgin da wuri ba. Tun daga nan ya ɗauki wannan na'ura da matuƙar muhimmanci.

Mutum huɗu da aka raba da gida

Akwai tabo a tarihinsa na wannan lokaci. A 1830 mutanen yankin Tierra del Fuego suka ɗauke wani kwalekwalen jirgin. A ƙoƙarin dawo da shi, FitzRoy ya kama wasu ya yi garkuwa da su. Kwalekwalen bai dawo ba, shi kuma ya ƙare da mutum huɗu a hannunsa, cikinsu har da yarinya ƙarama.

Ya tafi da su Ingila da nufin a koya musu Turanci da addinin Kirista da sana'a, sannan a mayar da su su koya wa danginsu. Matuƙan jirgi suka laƙaba musu sunayen Turanci: York Minster da Fuegia Basket da Boat Memory da Jemmy Button, wanda aka karɓe shi a bakin maɓallin riga.

Boat Memory ya mutu da ciwon agana jim kaɗan bayan isarsu. Sauran ukun an sa su makaranta, har aka kai su gaban Sarki William na Huɗu.

A 1833 FitzRoy ya mayar da su gida tare da wani ɗan mishan, amma shirin ya rushe cikin 'yan makonni. Da jirgin ya sake biyowa a 1834, an iske Jemmy Button ya koma rayuwar mutanensa, ya yi aure, kuma bai yarda ya koma Ingila ba.

Shekara biyar da Darwin

Alƙawarin mayar da mutanen nan uku yana cikin dalilan tafiyar Beagle ta biyu, wadda ta tashi daga Plymouth ranar 27 ga Disamban 1831.

FitzRoy ya shirya wa tafiyar sosai. Ya ɗauki agogunan teku 22 masu kiyaye lokaci daidai, waɗanda da su ake gane nisan jirgi gabas ko yamma, wasu ma da kuɗinsa ya saye su. A wannan tafiya ce aka fara aiki a hukumance da ma'aunin ƙarfin iska na Francis Beaufort, wanda har yau ake amfani da shi.

Sai dai abin da ya faru da Stokes da kawunsa bai bar zuciyarsa ba. A al'adar sojan ruwa, kyaftin ba ya sakin jiki da na ƙasa da shi, shi kaɗai yake cin abinci. Don haka ya nemi a samo masa wani ɗan babban gida mai sha'awar kimiyya, wanda zai yi nazarin duwatsu da halittu, ya kuma zama abokin hira.

Aka kawo masa Charles Darwin, ɗan shekara 22. Saura kaɗan FitzRoy ya ƙi shi saboda siffar hancinsa, domin ya yi imani ana gane halin mutum daga fuskarsa, kuma hancin bai yi masa kama da na mai juriya ba.

Sun yi kusan shekara biyar suna cin abinci tare. FitzRoy mutum ne mai kyauta da ƙwazo, amma mai saurin fushi, har matuƙansa suka yi masa laƙabi da kofi mai zafi.

Babban saɓaninsu na farko a Brazil ya faru, a kan bauta. FitzRoy ya ba da labarin wani mai gona da ya tara bayinsa ya tambaye su ko suna son 'yanci, suka ce ba sa so. Darwin ya nuna masa amsar bawa a gaban ubangidansa ba hujja ba ce. Kyaftin ya fusata ya ce zamansu tare ya ƙare, amma kafin gari ya waye ya aika da ban haƙuri.

Don aikin taswira ya yi sauri, FitzRoy ya sayi jirgi na biyu da kuɗinsa, yana sa ran hukumar sojan ruwa za ta biya shi. Ta ƙi, ta kuma tsawata masa. A 1834 a tashar Valparaiso ta ƙasar Chile damuwa ta kayar da shi har ya ajiye muƙaminsa, sai da jami'ansa suka lallashe shi ya dawo.

Beagle ya koma Ingila ranar 2 ga Oktoban 1836. Taswirorin da FitzRoy ya zana na gaɓar Kudancin Amurka sun yi ingancin da aka ci gaba da aiki da su fiye da shekara ɗari. A 1837 ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Birtaniya ta ba shi lambar zinare.

Gwamnan da Turawa 'yan'uwansa suka tsana

A 1841 aka zaɓe shi ɗan majalisa mai wakiltar Durham. Bayan shekara biyu aka naɗa shi gwamnan New Zealand, ya isa can a Disamban 1843.

Ya iske baitulmali babu kuɗi, sojoji 'yan kaɗan, ga rikicin ƙasa tsakanin Turawa 'yan kama-wuri-zauna da 'yan asalin ƙasar, wato Maori.

Watanni kaɗan kafin zuwansa an yi arangama a Wairau, inda Turawa 22 da Maori huɗu suka mutu. Turawa suna jiran sabon gwamna ya ɗaukar musu fansa. Da ya bincika, sai ya yanke cewa Turawan ne suka fara laifi, domin sun je kama shugabannin Maori a kan filin da ba a sayar musu ba. Ya soki kisan waɗanda suka miƙa wuya, amma bai hukunta kowa ba.

Wannan hukunci ya sa Turawa da kamfanin da ke sayar musu da filaye suka yi masa ca har Landan. Ga shi kuma ya buga takardun kuɗi ba da izini ba don ya biya ma'aikata, sannan yaƙi ya ɓarke a arewacin ƙasar a 1845. A wannan shekarar aka sauke shi. A garin Nelson, Turawa sun ƙona mutum-mutuminsa don murna.

Ya koma gida ya riƙe wasu muƙamai a sojan ruwa, ya ajiye aikin teku a 1850. Matarsa ta farko, Mary, ta rasu a 1852 ta bar masa 'ya'ya huɗu. Ya sake aure a 1854.

Ofis mai ma'aikata uku

A 1853 ƙasashe masu jiragen ruwa suka yi taro a Brussels bisa kiran wani jami'in sojan ruwan Amurka, Matthew Maury. Suka amince kowane jirgi ya riƙa rubuta yanayin da ya gamu da shi bisa tsari ɗaya.

Birtaniya ta buɗe sashe na musamman a ƙarƙashin ma'aikatar ciniki a 1854, ta ba FitzRoy shugabanci.

Aikin da aka ba shi na tattara alƙaluma ne kawai. Zai ba kyaftin-kyaftin aron na'urori da aka gwada ingancinsu, su dawo masa da littattafan tafiya, shi kuma ya fitar da taswirar iska don jiragen kasuwanci su gane hanya mafi sauri. Riba ake nema, babu wanda ya ce masa ya faɗi yanayin gobe.

Shi kuwa hankalinsa yana kan masunta, waɗanda ke fita teku a ƙananan jirage ba su da kuɗin sayen barometa. Ya tsara wata mai ƙwari da sauƙin karantawa, aka riƙa kafa ta a ƙauyukan masunta inda kowa zai duba kafin ya fita. Ya kuma rubuta ɗan littafi da ke bayanin yadda ake karanta ta.

Daren da ya sauya komai

A daren 25 zuwa 26 ga Oktoban 1859 wata gagarumar guguwa ta afka wa tsibiran Birtaniya.

Jirgin Royal Charter yana dawowa daga Melbourne ta Ostireliya ɗauke da fasinjoji, da yawansu masu haƙar zinare ne da ke komawa gida da abin da suka samo. Saura 'yan sa'o'i ya isa Liverpool iska ta buga shi da duwatsu a gaɓar tsibirin Anglesey. Mutum kusan 450 suka mutu, kimanin 40 kacal suka tsira.

A faɗin ƙasar, jirage 133 ne suka nutse, aka rasa rayuka wajen 800.

FitzRoy ya tattara bayanai daga tashoshi da jirage, ya zana taswirar guguwar sa'a bayan sa'a. Taswirar ta nuna guguwar ba ta sauka ko'ina lokaci guda ba. Tafiya ta yi tana juyawa, daga kudu ta nausa arewa, kuma ta ɗauki sa'o'i masu yawa kafin ta isa inda jirgin ya halaka.

A nan dabarar ta fito. Idan guguwa tafiya take yi, to saƙon wayar tangarahu ya fi ta sauri. Wanda ya ga barometa tana sauka a gaɓar yamma zai iya sanar da Landan cikin mintuna, Landan kuma ta gargaɗi tashoshin da ke kan hanyar guguwar.

Daga Satumban 1860 tashoshi goma sha wani abu a gaɓar teku, ciki har da Valentia a yammacin Ireland, suka fara aiko da ma'aunin iska da zafi da nauyin iska kowace safiya.

A Fabrairun 1861 aka fitar da gargaɗin guguwa na farko. Da yake babu rediyo a lokacin, alamomi ake ɗagawa a kan dogon sanda a bakin tasha. Alama mai siffar mazurari idan tsininta ya kalli sama, iska mai ƙarfi daga arewa take tafe. Idan ya kalli ƙasa, daga kudu. Mai siffar ganga kuma tana nufin iska mai haɗari da za ta iya juyawa ta kowane ɓangare. Da dare fitilu ake ratayewa a madadinsu.

Ranar 1 ga Agustan 1861 jaridar The Times ta buga hasashen yanayi na farko don jama'a. FitzRoy bai jira izinin kowa ba. Ya zaɓi kalmar Ingilishi ta forecast don ya raba aikinsa da duba da annabci, yana nufin ra'ayi ne da aka gina kan awo da lissafi, wanda zai iya yin daidai ko ya kuskure.

Masunta da matuƙa sun karɓi abin hannu bibbiyu. Ita kanta Sarauniya Victoria takan aika a tambayo mata yanayi kafin ta tsallaka zuwa gidanta na tsibirin Wight. A 1863 littafinsa The Weather Book ya fito, yana bayyana wa talaka yadda yanayi ke aiki.

Suka daga kowane ɓangare

Matsalar ita ce hasashen yakan kuskure. Yawancin guguwar Birtaniya daga tekun Atlantika take fitowa, kuma babu mai aiko da labari daga tsakiyar teku. FitzRoy yana aiki ne da tashoshi kaɗan da gogewarsa ta kyaftin. Dokokin lissafin iska da kwamfuta ke amfani da su a yau ba a kai ga tsara su ba tukuna.

Duk ranar da ya ce rana aka yi ruwa, jaridu su yi masa ba'a, wasiƙu su yi ta zuwa. Shi kuma ba ya iya kawar da kai, kusan kowace suka sai ya zauna ya amsa.

Masu manyan jiragen kamun kifi sun ji haushinsa, domin ma'aikatansu sukan ƙi fita idan an ɗaga alama, ranar ta tafi babu ciniki. 'Yan majalisa suna ƙorafi kan kuɗin tangarahu. Manyan masana kimiyya kuma suna ganin ya yi gaggawa, yana zubar da mutuncin kimiyya ta hanyar shiga sahun masu duba taurari da ke sayar da kalandar hasashen shekara.

Ga kuma wani ciwon na daban. A Nuwamban 1859, wata guda bayan guguwar Royal Charter, Darwin ya fitar da littafinsa kan asalin halittu. FitzRoy ya zama mai riƙo da addini sosai bayan tafiyar Beagle, kuma ya ji zafin cewa jirginsa ne ya ɗauki mutumin da ya zo da wannan ra'ayi.

A taron masana na Oxford a Yunin 1860, inda ya je gabatar da takarda kan guguwa, ya miƙe a lokacin muhawara kan littafin ya ɗaga Baibul yana kira ga jama'a su gaskata Allah maimakon mutum. Ba a saurare shi ba.

Zuwa 1865 jinsa ya ragu, barci ya ƙaurace masa, dukiyarsa ta ƙare. Likitoci sun ce ya huta, amma yakan lallaɓa ya koma ofis. Ranar Lahadi 30 ga Afrilun 1865, a gidansa na Upper Norwood a kudancin Landan, ya kashe kansa yana da shekara 59. Ciwon damuwar da ya yi ta tsoro tun yana saurayi shi ne ya ci ƙarfinsa, a zamanin da ba a san maganinsa ba.

Bayan rasuwarsa aka gano ya kashe kusan duk abin da ya gada a kan ayyukan gwamnati, ya bar bashi. Abokansa suka matsa har gwamnati ta biya iyalinsa fam 3,000, Darwin ya ba da fam 100, Sarauniya Victoria kuma ta ba matarsa masauki a fadar Hampton Court.

Abin da ya bari

An kafa kwamitin bincike kan ofishin, wanda Francis Galton, ɗan'uwan Darwin, ya jagoranta. Rahotonsa na 1866 ya ce hasashen ba shi da tushen kimiyya. A Disamban wannan shekarar aka dakatar da gargaɗin guguwa.

Ba a je ko'ina ba masunta da matuƙa da garuruwan gaɓar teku suka tayar da ƙura. Su a wurinsu gargaɗin da ke kuskure wani lokaci ya fi babu, domin su ne ke binne gawa. A 1867 aka ba da umarnin dawo da gargaɗin. Hasashen jama'a na kullum kuwa sai 1879 ya dawo.

Daga wannan ɗan ofis aka samu hukumar da jami'inta James Stagg ya ba da shawarar ɗage saukar sojojin ƙawance a Normandy daga 5 zuwa 6 ga Yunin 1944 saboda yanayi. A 1990 Firaminista Margaret Thatcher ta buɗe cibiyar Hadley a ƙarƙashin hukumar don binciken sauyin yanayi. Cibiyar, tare da jami'ar East Anglia, tana riƙe da ɗaya daga cikin manyan kundayen zafin duniya, wanda ya faro daga 1850.

Wani ɓangare na bayanan farko-farko a irin waɗannan kundaye daga littattafan jiragen ruwa ya fito, irin waɗanda FitzRoy ya riƙa raba na'urori don a cike. Alƙaluman da aka tara don jirgin kasuwanci ya isa da wuri, su ne masana ke komawa gare su yau don auna yadda duniya ta ɗumama.

Sunansa yana kan dutsen Fitz Roy a iyakar Ajantina da Chile, da kogin Fitzroy a Ostireliya. Hedikwatar Met Office a birnin Exeter tana kan titin FitzRoy. A 2002 aka sauya wa wani yankin teku suna daga Finisterre zuwa FitzRoy, don haka kullum gidan rediyon BBC ya karanta hasashen yanayi na matuƙan jirgi, sai an ambaci sunansa.